Neman kalma: me za a kira metabolait a shirin lafiya?

Mai Shirin Lafiya: Salamu alaikum. Jibi zan naɗi shiri kan zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: metabolait, wato abin da ke fitowa idan jiki ya sarrafa wani sinadari. Binciken da aka wallafa a 2017 kan yaran Yuganda ya nuna waɗanda kinurenin da asid ɗinsa, wato kinurenik, suka yi yawa a ruwan lakarsu sun fi daɗewa cikin doguwar suma, wasu kuma daga baya ba sa iya tattara hankali. Kinurenin ɗin nan metabolait ne, jiki ke samar da shi daga tiriftofan, wani sinadari da ke cikin abinci mai gina jiki. Me zan kira shi?

Tafinta: Rikiɗaɗɗen sinadari.

Baba Malam: Ɗiyata, dusar sinadari. An surfa, an ɗebe tsaba, abin da ya rage fa?

Likitar Yara: Baba, a gafarce ni, dusa ba za ta yi ba. Kusan kashi 95 cikin 100 na tiriftofan da jiki ke rushewa ta hanyar kinurenin yake bi, har bitamin B3 ake samu ta nan. Idan garkuwar jiki ta harzuƙa sai hanyar ta ƙara gudu. Asid ɗin kinolinik da ke fitowa yana zaburar da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa har su mutu, na kinurenik kuwa yana toshe ƙofar da ake bi a zaburar da su. Ba shara ba ne.

Baba Malam: Wa ya ce dusa shara ce? Da ita ake kiwo. Ku dai kun fi son abin da ya yi kama da bakin Bature.

Ɗan Maraɗi: Ɗiyan tiriftofan. Kowa ya gane.

Tafinta: 'Ya'ya dai, a daidaitacciyar Hausa.

Ɗan Maraɗi: Wa ya daidaita ta, Malam? Mu da Sakkwatawa da Katsinawa ɗiya muke cewa, kuma rediyonku har nan muke kama shi.

Baba Malam: Ai da kun karɓi dusa da ba a kai nan ba.

Likitar Yara: Ni damuwata uwar da ke saurare. Na ga yaron da ya farfaɗo, aka sallame shi, amma a aji ya kasa riƙe karatun da ya iya a da. Kusan ɗaya cikin huɗu na masu tsira haka suke fama. Idan uwa ta ji wai abin daga ƙwai da madara da gyaɗa yake fitowa, hana yaron za ta yi, alhali ba abincin ne da laifi ba. Kuma Yaya, ki ce alaƙa aka gani, kada ki ce shi ke haddasawa.

Mai Shirin Lafiya: Na gode, Likita. Da farko zan ce "sinadarin da jiki ke samarwa daga tiriftofan", daga nan in riƙa cewa ɗansa. Rikiɗaɗɗe ya yi nauyi a baki.

Ɗan Maraɗi: Jam'in fa?

Mai Shirin Lafiya: Zan kauce masa a wannan karon.

Baba Malam: To, ki yi shirinki, Allah ya ba yaran lafiya. Amma kalmomi bakwai ba suna ba ne, bayani ne. Dusa na nan a littafina.