In sa babban turbo, fikof ɗina zai ƙara ƙarfi a Hawan Kibo?

Mai doya:
Salamu alaikum. Fikof gare ni mai injin dizal 2.5, ina ɗauko doya daga Lafiya zuwa Jos. Da lodi, a Hawan Kibo sai na koma giya ta biyu, tana tafiya kamar kunkuru. Wani yaro a gareji ya ce in ya sa mini turbo na babbar mota, ya ƙara matsin iskar, za ta tashi sama. Kafin in zuba kuɗina, me kuka gani?

Tsohon bakanike:
Wa alaikumus salam. Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Hayaƙin salansa ne ke juya turbo, shi kuma ya dinga cusa wa injin iska. Babban turbo yana son hayaƙi mai yawa kafin ya farka, injin 2.5 kuwa ba ya ba shi wannan sai ya yi ihu sosai. A kan hawa, da lodi, injin yana juyi ƙasa-ƙasa: ka taka totur, shiru, sai can ƙarfin ya zo maka gaba ɗaya. Ƙaramin turbo shi ke kamawa da wuri, kuma shi kake buƙata.

Batun matsi kuma, da bar ake auna shi, matsin iskar da muke shaƙa kuwa wajen bar 1 ne. Ka ƙara bar 1 a kai, a lissafi iskar ta ninka. Amma iska in an matse ta zafi take yi, mai zafi kuwa ba ta da kauri. Shi ya sa ake sa intakula, abin da ke sanyaya iskar kafin ta shiga injin. Dubi injin 2KD na Hilux: maras intakula ƙarfin doki 102, mai intakula 120, duk 2.5 ne. Sannan iska kaɗai ba ta jan mota, sai an daidaita man da nozul ke fesawa. In aka wuce gona da iri, gasket ko fistin ne zai biya.

Direban tirela:
Baba ya gama magana. Ni tambaya ɗaya: tana baƙin hayaƙi in ka taka? Tana fito kamar busar iska?

Mai doya:
Wallahi tana yi, duka biyun. Tun bayan damina.

Tsohon bakanike:
To ai iskar ce ke zurarewa. Duba tiyon da ya fito daga turbo, za ka ga wajen da baƙin mai ya jiƙa. Ka canza shi da filtar iska, ka sake hawa Kibo da lodin, ka dawo mu ji.