Sutnans ɗina sati mai zuwa ne, tsoro na neman gama ni

Ƴar_Ader:
Salamu alaikum ƴan uwa. Don Allah shawara nike nema. Sati mai zuwa ne sutnans ɗina na masta a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, wato in kare memwar (kundin bincikena) gaban juri, malaman da za su ba ni maki. Memwar na gama, malamin da ke bi na ma ya sa hannu. Abun na cikin kaina wallahi ko daga barci aka tashe ni ina iya bayani, amma da na tsaya gaban mutane sai gabana ya riƙa faɗuwa, bakina ya bushe, faransancin ya gudu ya bar ni da "donc... donc". Kuma an ce shugaban juri ba shi wasa. Wata ƙawata ta ce in sha wata ƙwaya kamin in shiga. Mi kuka gani?

Mushe_Harobanda:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Tsoron nan ba zai tahi ba, ki daina jiran ya tahi. Matsalar ku ɗalibai ita ce kuna bita a zaune kan katifa, cikin zuci, alhali ranar a tsaye za ki yi magana, da murya, idanu na kanki. To ki yi bitar haka nan. Ki tara ƴan ɗakinku, ki tsaya, a sa agogo minti 15 ko abin da aka ba ki, ki ce wa wadda ta hi kowa iya tsiya cikinsu ta katse ki da tambayoyin rainin wayo. Kullum har ranar. Jimloli ukun farko kuma ki hardace su sarai, don minti na farkon nan shi ne mai wuya, in kin wuce shi baki na sakewa da kanshi.
Sannan ki rubuta tun yanzu: in kuran ya ɗauke, ga takarda ta a hannu. In an tambaye ni abin da ban sani ba, in ce aikina bai kai nan ba amma ga yadda zan bi in bincika. Juri ba su ƙin wannan amsa, kame-kame ne ke tunzura su.

Anfirmiye227:
Ƙanwata ƙwayar nan ki bar ta. In tramol ce ma kada ki kusance ta, tana sa jiri da amai, wasu har faɗuwa suke kamar masu farfaɗiya. Ko wadda ke rage bugun zuciya ce, likita ke rubuta ta, mai asma ba ya sha. Abin da kike ji adrenalin ne, jiki ke sakin shi in ya hango haɗari, shi ke sa zuciya gudu da bushewar baki da rawar hannu. Mu ma a irjans (sashen gaggawa na asibiti) muna jin shi in an shigo da mai haɗari. Abin da ni nike yi: in ja numfashi ta hanci ina ƙirga 4, in sake shi a hankali ta baki ina ƙirga 6 ko 8, sakin ya ɗara jan tsawo, shi ke sa bugun ya lafa. Amma ki fara koyo yau, ba a ƙofar sal ɗin sutnans ba. Ki aje ruwa gabanki. Kuma shayin dare ki rage, balle na farkon nan mai ɗaci, barci za ya hana ki.

Hajiya_Tawa:
Duk sun faɗi gaskiya sai dai sun manta addu'a. Addu'ar Annabi Musa (AS) da za shi wurin Fir'auna, Suratu Ɗaha aya 25 zuwa 28, ya roƙi Allah ya buɗa mishi ƙirji ya warware ƙullin harshenshi. Ki riƙe ta ɗiyata. Ki kira innarki ta sa miki albarka. Ni dai ban yarda da gayyato dangi cike da sal ba, ganin su ma wani nauyi ne, su jira waje da abincinsu.

Ƴar_Ader:
Na gode ƙwarai Allah shi saka. Hajiya ai an riga an gayyato su, har daga Tawa za su zo 😭 Mushe in na kasa barci daren fa?

Mushe_Harobanda:
Dare guda ba ya kada mutum, ki dai samu barci sosai kwanakin da suka gabace shi. In kina wancan ƙetaren kogin ki hito da wuri, kin san gadar Kennedy da sahe. Dangi kuma ki sa ƙanenki ya zaunar da su can baya, ke juri za ki kalla.