Zubar jini daga jijiyoyin hanta a tiyatar laparoskopi (tiyatar da ake yi da kyamara ta ƙananan hujoji a ciki)

Ɗalibin tiyata: Malamai, na ɗaure jijiyoyin da ke kai wa hanta jini da dabarar Pringle, amma jini baƙi-baƙi yana ta tsattsafowa daga wurin yankan. Daga ina?

Likitan hanta: Daga jijiyoyin da ke kwashe jini daga hanta yake dawowa da baya, Pringle ba ya tsare su. Maganin yana hannun likitan sa barci tun kafin wuƙa: a rage ƙarin ruwa, matsin jini a babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya ya tsaya ƙasa da 5 a ma'aunin matsi na mmHg, a ɗaga kan gado. Iskar da ake hura wa ciki don a ga wurin aiki kuwa, a bar matsinta a 12 mmHg. Pringle ɗin minti 15, a saki minti 5.

Likitar sa barci: Dakta, a ƙara da rage matsin na'urar numfashi. Amma in matsin jijiya ya faɗi sosai, iskar cikin na iya shiga jini ta hujin jijiyar da aka yanka. Shi ya sa idona ke kan iskar da majinyaci ke fitarwa, don in gane in hakan ya faru.

Likitan hanta: Haka ne. In jijiya ta ɓule, kada ka yi ta zuƙe jinin da na'ura, iskar ciki za ta ragu, jinin ya ƙaru. Danna da gauze, ka jira minti kaɗan, sannan ka ɗinke da zaren tiyata na Prolene 4-0. In ya ƙi tsayawa, buɗe cikin, kana danne da wurin.