Tumatir na zubewa a Kura, a Mile 12 ya gagari talaka, ina kuɗin ke maƙalewa?

Ɗan Kura:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu harkar kayan gwari ku taimaka min da shawara. Shekarata huɗu a kasuwar Mile 12 ta Legas ina yaron dillali, baba kuma yana can gida Kura yana noman rani. A ranin da ya wuce ya kira ni muryarsa duk ta canza, wai kwandon da ya ɗebo ko kuɗin masu tsinka da kwandon kansa bai mayar ba, har ya bar wani a gona yana zuba, ni kuma a ranar ina tsaye ina kallon matan Yarbawa suna rububin esha, wato fasasshen nan mai ruwa da ake warewa gefe, saboda mai kyan ya fi ƙarfinsu. Wlh abin ya tsaya min a rai. Na ɗan tara wani abu, shin in fara yo lodi da kaina daga gonarmu in tsallake masu sari, ko akwai abin da ban gani ba?

Direban Tirela:
Wa alaikumus salam ƙanena. Abin da baka gani ba shi ne hanya. Daga Kano zuwa Legas wajen kilomita 1000 ne, ka bi Zariya, Kaduna, Tegina, Mokwa, ka haye gadar Jebba, Ilori, Ogbomosho, Ibadan sannan ka shigo, in Allah ya sa lafiya kwana biyu, in mota ta lalace ko wata ta faɗi ta tare hanya sai uku har huɗu, kuma tumatir ba ya jira. Kwandunan nan ana jera su ne wani kan wani da itace a tsakani, na ƙasa shi ke ɗaukar nauyi, kafin mu kai Ilori za ka ga ruwa na ɗiga ta ƙasan bodi ja wur. Sannan ga shingaye, kowa da sandarsa da rasit ɗinsa, wannan na ƙaramar hukuma wancan na jiha, wani ma baka san na waye ba amma sai ka biya don in ka tsaya gardama awa biyu a rana kayanka ne ke dahuwa. Duk a kan kwandon ake ɗora shi.

Hajiyar Agege:
Ɗana sannu da ƙoƙari, Allah ya yi maka albarka da kake tuna mahaifinka. Ni abinci nake sayarwa, kullum da asuba ina kasuwar. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya hargitse, ni dai da damina kauɗa nake haɗawa da tattasai in yi miya, kuma kwastomomi basa ƙorafi. Me zai hana ku shanya?

Direban Tirela:
Hajiya gaskiya ne, sai dai mu gas muke sha ba fetur ba, namu ya riga ya tashi tun 2022. Wanda cire tallafin ya kwantar shi ne manomi mai injin ban ruwa, irin babansa.

Tsohon Dillali:
Yaro ka saurare ni da kyau, na fi shekara ashirin ina karɓar la'ada a kasuwar nan. Mu dillalai muna da namu laifin ban musa ba, amma babbar cutar ita ce kowa lokaci ɗaya yake shuka lokaci ɗaya yake ɗiba. Daga Janairu zuwa Maris Kura, Kadawa, Garun Malam, Danja, Hunƙuyi duk suna turo kaya, ranar da motoci suka yi yawa a kasuwa mai saye shi ke yanka farashi, kai da ka biya kuɗin mota baka da bakin magana tunda ba za ka koma da shi ba. Ruwa na sauka kuma sai kaya ya ɗauke. Ka tuna 2016 da tsutsar nan sharon ta cinye gonaki, a shekarar ne aka buɗe kamfanin tumatir na Ɗangote a Kadawa, muka ce to an samu inda zai riƙa shanye rarar, sai ga shi ana buɗewa ana rufewa, alhali ƙasar nan na cikin manyan masu noman tumatir a Afirka amma shagunanmu cike da na gwangwani da na leda. Wannan yana min ciwo sosai.

Shawarata kar ka ɗauki mota kai kaɗai. Ku haɗu ku biyar ko shida, kuma ka nemi kiret ɗin roba, yana hawa kan juna ba tare da ya danne kaya ba, iska na shiga, in ka sauke za ka ga bambanci da idonka. Matsalarsa ɗaya sai an mayar da shi Arewa fanko, ka saka wannan a lissafi. Kuma ka fara samun mai saye tukun, masu otal da gidajen abinci na Ikeja da Island suna son mai tauri wanda aka tsinka bai gama nuna ba. Maganar Hajiya ma kar ka raina ta, amma a shanya kan tamfol ko leda, ba a ƙasa ba, yashi ne ke karya kuɗin kauɗa.

Ɗan Kura:
Na gode Baba, na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Yanzu na gama waya da yayana, ya ce akwai maƙwabtanmu uku da za su shiga, kuma bana za mu raba shukar gida biyu da tazarar sati uku don kar ya nuna gaba ɗaya. Oga direba in motarka na komawa Kano ba kaya, nawa za ka ɗaukar mana kiret hamsin fanko?