Idan ƙwaƙwalwa ce ke haɗa abin da muke gani, wa zai duba aikinta?

Ɗalibar Kimiyya:

Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka san harkar ido da ƙwaƙwalwa. Mun tashi da "gani ya kori ji", sai ga shi ana ta yaɗa cewa ƙwaƙwalwa ce ke gani, wai abin da muke kira duniya kintace ne da take haɗa mana a cikin kai. Shin akwai yadda mutum zai gwada wannan da kansa a ɗaki, ba sai an ce masa "masana sun ce" ba? Kuma idan gaskiya ne, ai shi ma masanin da ke leƙa na'ura da irin ƙwaƙwalwar tamu yake leƙawa, to me ya fifita nasa ganin? Sannan hotunan ƙwaƙwalwa nan masu ja da rawaya da ake cewa ga inda tsoro yake, ga inda so yake, ina gaskiyarsu?

Malam Garba Mai Tabarau:

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, gwajin farko takarda da biro kawai yake buƙata. Ki zana alamar + a hagu, ki auna santimita 8 zuwa dama ki yi baƙin ɗigo mai faɗin rabin santimita. Ki rufe idon hagu da tafin hannu, ki kafa na dama a kan + ɗin. Ki fara da takardar a nesa, iyakar tsawon hannu, ki riƙa jawo ta a hankali. Wajen santimita 30 daga ido ɗigon zai ɓace ɓat. Ki ƙara matso da ita, zai dawo.

A bayan ido akwai tantanin da ke karɓar haske, ƙwayoyinsa kusan miliyan 100. Saƙonsu na fita ta jijiyar gani, mai zare kimanin miliyan ɗaya, kuma daidai inda jijiyar ta huda tantanin ta fita babu ƙwayar karɓar haske ko ɗaya. Wannan makahon gurbi yana kimanin digiri 15 daga abin da kika kafa wa ido, ta ɓangaren kunne, faɗinsa wajen digiri 5. Daga nan lissafin 8 da 30 ya fito. Idan kika nisanta alamomin zuwa santimita 12, ki nemi ɓacewar a wajen 45. Wani Bafaranshe, Edme Mariotte, ya bayyana gurbin tun a shekarun 1660.

Yanzu ki lura da abin da ya zauna inda ɗigon yake. Ba rami za ki gani ba, farar takarda ce sumul. Ki sake a kan koriyar takarda, kore zai cike wurin. Ki ja dogon layi daga sama zuwa ƙasa ya bi ta inda ɗigon yake, ki bar giɓin santimita ɗaya daidai nan, layin zai fito a haɗe kamar ba a taɓa yanke shi ba. Ido bai aiko da komai daga wurin ba. Ƙwaƙwalwa ce ta dubi kewaye ta yi ciko, kuma ba ta gaya miki ta yi ba.

Gwaji na biyu a gaban madubi ne. Ki dubi idonki na hagu, sai na dama, sai na hagu. Ba za ki taɓa kama idonki yana tafiya ba, amma wanda ke tsaye a gefe zai ga yana zirga-zirga sarai. Ido na yin irin wannan tsallen sau uku zuwa huɗu a kowace daƙiƙa, domin wurin da yake gani tangaran ɗan ƙarami ne, bai wuce faɗin babban yatsa ba idan kika miƙe hannu. Lokacin tsallen ƙwaƙwalwa kan danne hoton da ya dagule, ta ɗinke na baya da na gaba.

Na uku sai daren sha huɗu. Wata na fitowa ta bayan gidaje kamar faifai, da ya hau sama sai ya zama kamar kwabo. Ki miƙe hannu ki ɗora farcen ƙaramin yatsa a kansa a lokutan biyu: duka zai rufe shi, don faɗinsa rabin digiri ne a ko'ina. Hasali ma lokacin fitowarsa ya fi nisa da ke da kusan kilomita 6,000, wato ya kamata ya ɗan fi ƙanƙanta.

Dakta Binta:

Ƙanwata, bari in ɗauki tambayar hotunan, don a nan ake yi wa mutane rufa-ido.

Na'urar fMRI, wadda ke ɗaukar waɗannan hotunan ƙwaƙwalwa, jini take aunawa. Ba ta ganin tunani, ba ta ma ganin ƙwayoyin jijiya suna harbawa. Idan wani sashe ya yi aiki, jini mai iskar oksijin kan kwararo masa fiye da abin da ya ƙone. Jinin da ya sauke oksijin yana ɗan jirkita ƙarfin maganaɗisu, wanda bai sauke ba kuwa ba ya yi, kuma wannan bambanci ne na'urar ke kamawa, yawanci a maganaɗisu mai ƙarfin tesla 1.5 ko 3. Seiji Ogawa ne ya nuna hanyar a 1990.

Ƙwayar jijiya na harba saƙo cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, shi kuwa jinin sai bayan daƙiƙa 4 zuwa 6 yake kai ƙololuwa. Ana kuma yanka hoton zuwa 'yan akwatuna, galibi milimita 3 ta kowace fuska, kowane akwati ɗauke da ƙwayoyi dubu ɗaruruwa, wasu na tayarwa, wasu na dannewa, duk an dunƙule su a lamba ɗaya. Canjin da ake nema bai cika wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba. Motsa kai na milimita guda, ko jan dogon numfashi, na iya kawo canjin da ya fi wannan. Shi ya sa ake tokare kan mutum da soso, a maimaita masa aikin sau da yawa, a ɗebe hoton lokacin hutu daga na lokacin aiki. Jan da rawayan nan lissafi ne aka shafa a kan hoto. Ƙwaƙwalwa ba ta kunna fitila.

Lissafin ma yana da ramukansa. A ce akwatuna 100,000 ne, kuma an yarda da kuskure ɗaya cikin dubu. To ko babu abin da ke faruwa, akwatuna 100 za su "haska" ta hanyar katari. Craig Bennett da abokan aikinsa sun nuna haka a 2009 da mataccen kifin salmon: suka sa shi a na'ura, suka nuna masa hotunan mutane, suka tambaye shi halin da mutanen ke ciki. Da aka yi lissafi ba tare da gyaran yawan gwaji ba, sai ga 'yan akwatuna sun haska a kan kifin. Da aka yi gyaran, babu ko ɗaya. Aikin ya ci kyautar barkwanci ta Ig Nobel a 2012, amma ya sa mutane da yawa sun koma sun duba lissafinsu.

Kuskuren da ya fi yawa a labaran jarida shi ne karanta hoton da baya. An ga sashen da ake kira amigdala na motsawa idan mutum ya tsorata, sai a ce duk inda ya motsa tsoro ne. Alhali yana motsawa ga sabon abu, ga abin sha'awa, ga fuskar baƙo. Kamar a ce duk gidan da hayaƙi ya tashi biki ake yi. Idan kika ga irin wannan labari ki nemi sanin mutum nawa aka gwada, da me aka kwatanta, kuma ko wasu sun maimaita sun samu abu ɗaya.

Malam Isiyaku:

Allah ya saka wa Malam Garba da Dakta. Sai dai ina jin tsoron ɗalibarmu ta tashi da cewa komai ruɗu ne, kuma kalmar "kintace" da ta kawo ba ta yi mini ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Cikon da ƙwaƙwalwa ke yi a makahon gurbi kusan kullum daidai yake fitowa, domin bangon da ke fari a hagu da dama da wuya ya zama ja a tsakiya. Kintace ne da hasken da ke shigowa ke yi wa gyara kowane lokaci.

Maganar ma tsohuwa ce. Ibn al-Haisam, haifaffen Basra da ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya rubuta a Kitab al-Manazir cewa haske da launi ne kawai ke isa ido, amma nisa da girma da gane abu sai da hukuncin hankali, wanda ke gudana da sauri har mutum bai san ya yi shi ba. Ya ware kashi na uku na littafin ga kurakuran gani. Hermann von Helmholtz ya sake tayar da batun a Jamus a ƙarni na 19.

Game da me ya fifita ganin masani: idonsa bai fi naki ba ko kaɗan. Dabararsa ita ce ya mayar da tambayar zuwa wani abu da ruɗin bai shafa ba. Ki kwatanta watan Malam Garba da ƙawalwalniyar da ke shimfiɗe a kan kwalta da tsakar rana a watan Afrilu. Ki ɗauki hoton ƙawalwalniya, za ta fito a waya, domin iska mai zafi da ke kan kwalta ta lanƙwasa hasken sama da gaske. Ki ɗauki hoton wata a fitowa da kuma a sama ba tare da taɓa zuƙowa ba, girmansa ɗaya. Kyamara ta raba miki wanda ya faru a waje da wanda ya faru a kai.

Haka aka wuce iyakar ido gaba ɗaya. Muna ganin haske ne mai tsawon zango tsakanin nanomita 380 da 700 ko kusa da haka (nanomita kashi ɗaya ne bisa miliyan na milimita). A 1800 William Herschel ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, ya jera ma'aunan zafi a launukan, ya ajiye ɗaya gaba da ja inda ido ke cewa babu komai, sai wannan ya fi sauran hawa. Ma'aunin zafi ya shaida hasken da babu ɗan Adam da ya taɓa gani.

Inda wannan dabara ke cijewa shi ne idan abin da ake son aunawa shi ne ganin da kansa. Akwai wani majiyyaci da aka sani da TN, wanda shanyewar jiki sau biyu ta lalata masa sashen gani na ƙwaƙwalwa hagu da dama. A rahoton da Beatrice de Gelder da abokanta suka fitar a 2008, an sa shi tafiya ba sanda a wani lungu da aka baza wa tarkace, ya kauce musu ɗaya bayan ɗaya, yana mai cewa bai ga komai ba. A 2006 kuma Adrian Owen a Kambirij ta Ingila ya umarci wata mata da aka ɗauka ba ta san inda take ba da ta raya a ranta tana buga wasan tanis, sai sashen shirya motsi ya amsa kamar na mai lafiya. A na farko jiki ya yi aikin gani, mai jikin ya ce babu. A na biyu jiki shiru, na'ura ta nuna akwai mai ji. A duka biyun sai da aka koma ga amsar mutumin, ko da baki ko ta bin umarni. Babu ma'aunin da za a tsoma a karanta "wannan yana ganin ja" kai tsaye. Kowane ma'auni da muke da shi da faɗar mutane aka daidaita shi.

Kada kuma a ɗauka taswirar haɗuwar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ce kawai ta rage. Tsutsar nan C. elegans ƙwayoyin jijiyarta 302 ne, an zana haɗuwarsu tun 1986, kuma har yau ba a iya hango duk halayenta daga zanen. A 2024 aka kammala ta ƙudan 'ya'yan itace, mai ƙwayoyi kusan 140,000. Tamu biliyan 86 ce.

Dakta Binta:

Malam Isiyaku, na yarda da kai, amma da ɗan gyara. Dogaro da faɗar mutum bai hana awo mai kyau ba. Ana iya rage hasken wani ɗigo har mutum ya gan shi sau 50 cikin 100, a kwatanta ƙwaƙwalwarsa lokacin da ya ce "na gani" da lokacin da ya ce "ban gani ba", alhali abin da ya shiga ido ɗaya ne. Da EEG, na'urar da ke auna lantarkin ƙwaƙwalwa ta fatar kai, mai bin lokaci daki-daki, ana ganin hanyoyin biyu sun rabu cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Gardamar da ta rage ita ce ko alamar da aka kama ta ganin ce, ko ta shirin ba da amsa.

Ɗalibar Kimiyya:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Malam Garba, na madubin ya yi, amma ɗigon ya ƙi ɓacewa. Ina matsalar take?

Malam Garba Mai Tabarau:

Ɗaya cikin uku ne. Ko dai kin juya, wato kin rufe idon dama alhali ɗigon na dama. Idan da idon hagu za ki duba, sai ɗigon ya koma hagu da + ɗin. Ko kuma idonki na satar kallon ɗigon, wanda shi ne ya fi yawa, don da zarar ya waiwaya gurbin ya bar wurin. Ki rubuta ƙaramin harafi a maimakon + ki riƙa karanta shi a zuci, zai riƙe miki idon. Ko kuma ɗigon ya yi girma: a nisan santimita 30 gurbin bai kai santimita 3 ba, to duk abin da ya wuce haka gefensa zai leƙo. Idan duk kin gyara ya ƙi, ki ɗan karkata takardar yadda ɗigon zai sauka ƙasa da + ɗin da kamar santimita ɗaya, don gurbin yana ɗan ƙasa da layin kallo. Ki jawo takardar a hankali sosai, tazarar da yake ɓacewa 'yan santimita ne, mai gaggawa kan wuce ta bai lura ba.