Muhawara: sigina a teburin ƙaramin jirgin ƙasa, aiki ne ko ado?

Malam Harouna: Jama'a, ina nan a kan bakana cewa fitilun siginar da ake son kafawa a teburinmu na Yantala ado ne kawai. A ma'aunin HO na ƙananan jiragen kwaikwayo an rage komai sau 87, saboda haka kilomita ɗaya na layin dogo yana cin mita 11 da rabi, alhali teburin gaba ɗaya mita 4 ne. Fitila rawaya ana kafa ta nesa ne domin direba ya samu filin taka birki kafin ya iso ja. A wurinmu kuwa, kan jirgi zai wuce rawaya ya iske ja tun taragon ƙarshe bai bar tasha ba.

Abdou: Baba Harouna, a gafarce ni, lissafinku daidai ne a kan doguwar hanya, amma babban aikin sigina a cikin tasha yake. Ƙa'idar ita ce fitila ba ta ba da hanya sai an karkatar da mahaɗar layi zuwa inda ake so an kulle ta, kuma muddin fitilar na buɗe ba mai iya motsa mahaɗar. Bayan haɗarin Armagh na 1889 a Ailan, wanda ya ci rai 80, majalisar Birtaniya ta wajabta wa layukan fasinja wannan kulle, tare da dokar jirgi ɗaya a yanki ɗaya. Ƙanƙantar tebur ba ta hana a kwaikwayi ko ɗaya daga cikinsu.

Hajiya Mariama: Malam yana da gaskiya a kan rawaya, a bar ta. Abin da nake so a kafa shi ne siginar jera taragai irin ta Faransa: fitila mai ruwan shanshanbale tana nufin tsayawa, fara tana ba da izinin motsi, kuma gudun jeri ba ya wuce kilomita 30 a awa, wanda a teburinmu bai kai santimita 10 a daƙiƙa ba. Wanda ya taɓa tura taragai uku baya-baya a wannan gudun, yana jiran fara ta kama, sannan ya sa tsinken sakace ya ɓalle maɗaurin na tsakiya ba tare da ya goce daga layi ba, ya san ba ado ba ne. Mu da layin Yamai zuwa Dosso ya zauna ba jirgi tun bayan buɗe shi a 2016, a nan ne yaranmu za su fara ganin yadda ake wannan aiki.

Malam Harouna: Na yarda da fara da ta shanshanbale, Hajiya. Inda ban yarda ba shi ne shirin Abdou na yanke wuta a gaban kowace ja domin jirgi ya tsaya da kansa. Idan waya ce ke tsayar da jirgi, to direba bai bi wata doka ba, hannunsa kawai aka kama.

Abdou: Baba, jiragen Faransa ma suna da na'urar KVB mai taka birki idan direba ya ƙetare ja. Zan ja yankan wutar zuwa bayan fitila da tsawon tarago ɗaya, ta yadda mai kula zai tsaya da hannunsa, wanda ya ƙetare ne kaɗai jirginsa zai mutu a kan layi. Zan kawo zanen wayoyin ranar Asabar bayan la'asar ku duba.