Wai mi ya haɗa komin da rage hayaƙin ɗumamar yanayi?

Ɗan Adar (Tawa):

Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu sani ku taimaka min. Satin da ya wuce ƙungiyar matasan unguwarmu ta tura ni wani atiliye na kwana biyu nan Tawa, an tara mutanen komin-komin (ƙananan hukumomi) da dama, wai ana son su haɗa kai su yi tsari guda na rage iskar da ke ɗumama duniya. Mai bayanin sai zuba Faransanci yake yana nuna lissafin tan-tan na karbon a bango, ana cikin haka aka ɗauke wuta, majigin ya mutu, fanka ta tsaya, kowa ya koma fifita da takardun da aka raba mana. Ni dai na zauna ina tunani, mu da in ka cire kamfanin siminti na Malbaza ban san wata babbar masana'anta a jihar nan ba, wane hayaƙi ne za mu rage? Kuma komin da ko shara ta kasa kwashewa ita ce za ta gyara sararin samaniya? Akwai amfani cikin abin nan ko dai cin perdiyem ne kawai?

Tsohon Mai Gandu (Madawa):

Wa alaikumus salam ɗana. Tambayar taka tana kan hanya, amma wanda ya yi muku bayani ne ya faro daga wutsiya. Hayaƙin Nijar ba daga masana'anta yake hitowa ba, mafi yawanshi daga ƙasa ne da bisashe da saran itace. Alkawalin da ƙasarmu ta ɗauka bayan yarjejeniyar Paris ta 2015, wanda anka sabunta a 2021, shi ya sa ya raba aikin gida biyu, noma da daji da kiwo gefe guda, makamashi gefe guda. To wa ke kusa da gona da daji da burtali? Ba ministan da ke Yamai ba ne, komin ce da hakimai da masu gari.

Bari in ba ka misali da abin da na yi shekaru ina gani da idona. Ruwan ƙoramar Maggiya daga tuddan Buza yake tasowa, ya ratso ƙasar Madawa da Malbaza ya nufi Ƙonni har ya faɗa Najeriya. In mutanen sama sunka aske dutsi tas ba su bar ko geza ba, ruwa na saukowa da gudu da rairayi, ya cinye bakin gonaki, ya je ya cike baraj na Mozage da na Zongo waɗanda masu noman rani na Ƙonni ke dogaro da su. Yanzu kai ka gaya min, magajin garin Ƙonni shi kaɗai mi zai iya? Ko ya kashe kuɗin komin ɗinshi duka wajen yashe rairayi, baɗi wani ya sauko. Dole sai ya zauna da na sama an yi magana guda. Ruwa bai san iyakar komin ba, haka ma mai jaki da gatari.

Kuma ba sabon abu ne ba wurinmu. Layukan bedi na kare iska cikin Maggiya tun 1975 anka fara dasa su da taimakon ƙungiyar agaji ta CARE, aikin raya ƙasa na Keita kuma ya taso wajen 1984 da kuɗin Italiya, mata ne sunka ɗauki duwatsu bisa kai sunka raya fako da ake cewa ya mutu. Ka je Badagishiri da Illela ka ga tassa da rabin wata, ramukan tare ruwan sama a gona. Lokacin nan ba wanda ya ce muna karbon, hatsi muke nema, amma duk iccen da ya tashi wurin yana shan iskar nan da ake magana. Ni abin da nake gani, in za su haɗa kai to su haɗa bisa ƙorama guda da daji guda, lissafin tan-tan ya biyo baya.

Baƙon Yamai:

Baba da girmanka, maganarka gaskiya ce amma wa zai yi zaman? Tun watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun komin, yanzu wakilan da gwamnati ta naɗa ne ke riƙe da su, mutum bai san ko wata nawa zai yi a kujerar ba balle ya ɗauki alkawarin rage hayaƙi na nan da 2030. Kuma ko lokacin zaɓaɓɓun mi aka yi? Kowace komin tana da PDC ɗinta, wato littafin tsarin raya komin, an sa babi na canjin yanayi a ciki don masu ba da kuɗi su gani, littafin na cikin kabad ƙura ta rufe shi. Nan Yamai komin biyar gare mu cikin gari guda, ƙoramar Guntu Yena na ratsa tsakiyar gari cike da leda da ruwan kwata, kowa na cewa daga unguwar sama ake turo mishi. Ga shingen itatuwan da aka fara dasawa kewayen gari tun 1965, je ka duba yau gidaje nawa ke ciki. Sannan ni abin da ke ban haushi, Sin da Amurka da Turai su suka cika sama da hayaƙi, mu da ko firji ba kowa ke da shi ba mu ake tarawa a ɗaki ana koya mana ragewa, mu kuma ruwa ke ci, 2020 kogi ya fasa ya shiga unguwar Lamorde, 2024 kuwa kowa ya ga abin da ya faru ƙasar duka.

Maman Yara (Yamai):

Ku maza kuna ta manyan maganganu, ku zo madafa ku ga inda hayaƙin yake. Ni ina da butel ɗin gaz ƙarama, in akwai gaz ba na ko kallon icce, amma ranar da ya yanke sai yaro ya zagaya unguwa uku da butel a bayan moto ya dawo hannu banza, to tuwon dare zai jira ne? Sai in aika a sayo icce. Kuma iccen nan ba a Yamai yake tsirowa ba, manyan motoci ke shigo da shi daga wajen Say da Torodi. Kenan dajin wata komin muke ƙonewa a murhunmu. In da gaske ake haɗin kan, Yamai ce ya kamata ta zauna da garuruwan da take cinye wa daji, a tabbatar gaz ɗin da ake yi a matatar Damagaram yana isowa kullum. Sai shara, unguwarmu duk magariba sai an cinna mata wuta, leda ce fal, ƙaramar ɗiyata tari take kwana yi, alhali tun 2014 aka yi dokar hana ledar nan.

Tsohon Sakatare (Dutsi):

Ɗan Adar, doka ba ta hana ba, kundin ƙananan hukumomi na 2010 ya ba komin damar haɗuwa su yi aiki guda har da asusu guda. Inda abin ke lalacewa wajen kuɗi ne, kowa na son aikin a ƙasarshi, zubin kuma a aljihun maƙwabci. Amma kar a ce ba a taɓa yin komai ba, nan jihar Doso an gwada shirin LoCAL a Sokorbe da Dogon Kiriya, kuɗin yanayi na shiga kasafin komin kai tsaye, in ta yi aiki da kyau a ƙara mata. Baƙon Yamai, abin da ka manta shi ne komin 266 ke ƙasar nan, yawancinsu ba su da ko injiniya guda da zai rubuta dosiye ta neman irin kuɗin nan, in huɗu ko biyar sun haɗu za su iya ɗaukar mutum ɗaya. Kai dai in an sake kiranku ka tambaye su nawa kowace komin za ta zuba daga nata aljihun, kuma wa zai sa hannu a fitar da kuɗin. In aka fara kallon juna to ka ci shinkafarka ka karɓi perdiyem ɗinka.

Ɗan Adar (Tawa):

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Sun ce akwai zama na biyu bayan girbi. Baba Mai Gandu, in na tashi zancen ƙorama a gaban manya ba za a ce yaro ya yi rashin kunya ba?

Tsohon Mai Gandu (Madawa):

Kar ka tashe shi kai kaɗai. Ka nemi wani mai gari ko manomi dattijo da ruwa ya cinye wa gona bana, ku tahi tare, shi ya yi magana da Hausa kai ka juya musu. Kuma ka ɗauko hoton bakin ƙoramar da wayarka tun yanzu kahin ciyawa ta bushe.